Ranar Ƙarshe a Istanbul da Iyali: Yadda Za Ku Tsara Ta Har Ku Iso Gida Legas

Idan makarantun Legas suka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, ko na Disamba, akwai magidanta daga Agege da Idi-Araba da Obalende da ke kwasar iyali su nufi Istanbul. Jirgi ɗaya ne daga Ikeja ba tare da yada zango ba, tafiyar kusan awa bakwai, abincin halal ko'ina, ana jin kiran sallah daga ɗakin otal, ga kuma kasuwa. Kwanakin farko kan tafi salin alin. A ranar ƙarshe ne rai ke ɓaci, domin a cikinta ake son cusa duk abin da aka bari: tsarabar gwaggo da ba a saya ba, gidan tarihin da ba a shiga ba, akwatin da ya ƙi rufuwa, ga auta ya gaji yana ta rigima. Istanbul na ɗauka a nan, amma wanda ya je Alƙahira ko Dubai ko Landan zai iya bin wannan tsari, sunayen wurare kawai zai sauya.

Mataki na farko: ku yi lissafi daga baya

Kwana biyu kafin tafiya, maigida ya ɗauko tikiti ya zauna da biro. Lokacin tashi da ke jikin tikiti agogon Istanbul ne, kuma Istanbul tana gaban Legas da awa biyu duk shekara, tunda Turkiyya ta daina sauya agogonta tun 2016. Daga wannan lokacin za a riƙa cirewa. A cire awa uku da rabi, lokacin da ya kamata ku kasance a ƙofar filin jirgi ke nan idan da yara da akwatuna masu yawa. A sake cire awa ɗaya da rabi na hanya. Sabon filin jirgin, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a Afrilun 2019, yana yankin Arnabutkoy, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a gadar Third Mainland da yammacin Juma'a ya san irin gosulon da Istanbul ke yi. A ƙarshe a cire minti 45 na karɓar kaya a otal, shiga bayi, alwala da loda mota.

Misali, jirgin ƙarfe 6 na yamma yana nufin ku isa fili 2:30, ku bar otal ƙarfe 1, ku dawo otal daga yawo 12:15. Abin da ya rage muku na gari shi ne daga karin kumallo zuwa sha biyun rana. Idan kuwa jirgin na ƙarfe 2 na rana ne, babu wata ranar yawo, ƙarfe 9 na safe kuna cikin mota. A irin wannan, jajibirin tafiya shi ne ranarku ta ƙarshe, sai ku matsar da komai baya da kwana ɗaya.

Abu biyu ke jawo wa mutane asarar tikiti. Na farko jirgin tsakar dare: idan aka rubuta Asabar 01:30, to daren Juma'a za ku bar otal, ba daren Asabar ba. Na biyu filin jirgi: Istanbul tana da guda biyu. IST shi ne babban da jirgin Turkish Airlines mai zuwa Legas ke tashi daga shi, SAW kuma shi ne Sabiha Gokcen da ke can ɓangaren Asiya. Wanda ya biyo ta wata ƙasa da wani kamfanin yana iya samun SAW a tikitinsa, don haka a duba haruffan ukun nan.

Ku kuma duba wace rana ce a mako. Babbar kasuwar nan mai rufi, Grand Bazaar, ba ta buɗewa ranar Lahadi. Fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, ta Dolmabahce kuma ranar Litinin.

Mataki na biyu: a gama da tsaraba tun jajibiri

Nan ne yawancin rigimar take. Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, kuma uwargida ta fi kowa sanin wanda zai ƙullace ta idan aka manta da shi. Ku zauna ku biyu ku rubuta sunaye a takarda: iyaye da surukai a sama, sai 'yan uwa, maƙwabta, abokan kasuwa, malamin Islamiyyar yara, direba da maigadi. Manyan ne kawai ake zaɓar wa abu ɗaya-ɗaya. Sauran a saya musu iri guda da yawa, kamar carbi, dardumar sallah, sabulun zaitun, mayafi, ganyen shayi ko alewar nan ta lokum. Wannan ya fi sauƙin ciniki, kuma babu mai cewa an fifita wani a kansa.

Cikin Grand Bazaar farashin na baƙi ne. Idan kuka fito kuka gangara ta titin Mahmutpasha zuwa Tahtakale har Eminonu, inda mutanen gari ke sayayya, za ku ga kaya iri ɗaya da rangwame. A ƙasan gangaren ne kasuwar kayan ƙamshi take, wadda aka gina tun shekarun 1660. Kayan sawa na sari kuwa suna Laleli da Merter da Osmanbey. Ba zan koya wa mai shiga Balogun da Idumota yadda ake tayi ba. Abin da zan ce kawai shi ne a bar yara ƙanana a otal da babba guda, domin ba a ciniki da yaro mai jan zani.

Baƙlawa, kayan zaƙin Turkiyya mai ruwan sukari, ba ta jure zafin Legas, a saye ta a ƙarshe, a ce su rufe ta da injin zuƙe iska, a kuma raba ta cikin kwana biyu. Zuma, man zaitun da turare sai cikin babban akwati, kowace kwalba a ƙulle ta a leda biyu a tura tsakiyar tufafi. Jakar hannu ba ta ɗaukar ruwa-ruwan da mazubinsa ya wuce mililita 100, ban da madara da abincin jariri da magani. Fawa-banki kuma akasin haka ne, a jakar hannu yake tafiya, ba a saka shi a akwatin da za a miƙa. Sannan kada son tarihi ya sa wani ya sayi tsohon tsabar kuɗi ko ya tsinci gutsuren dutse a kufai, Turkiyya tana hukunta fitar da kayan tarihi sosai, kuma rashin sani ba ya fid da mutum.

Ku auna kaya a daren nan da ɗan sikelin hannu, idan babu ku ari na otal. Tikitinku ne zai faɗi haƙƙinku. A hanyar Najeriya an fi ba da akwati biyu masu kilo 23 ga kowace kujera ta talakawa, da jakar hannu mai kilo 8 a Turkish Airlines. Yaron da aka saya wa kujera yana da nasa rabon, jaririn da bai kai shekara biyu ba da ake riƙewa a cinya nasa bai kai haka ba. Inda tikiti ya ƙayyade yawan akwatuna, kowanne da nauyinsa ake duba shi, saboda haka akwati mai kilo 27 ba ya fakewa da wani mai 19, sai a daidaita su tun a ɗaki. A bar rarar rabin kilo a kowanne don sikeli ba ya zama ɗaya. Akwatin da ya haura kilo 32 ba a ma karɓarsa.

Idan kaya sun fi ƙarfin tikiti, shagunan kago na Laleli da Aksaray suna auna su da kilo su turo Legas, galibi da sauƙi fiye da kuɗin ƙarin kaya a kanta. Ku bi wanda wani naku ya taɓa aiki da shi, ku karɓi rasit mai lamba, da adireshin inda za a karɓa a Legas, ku ɗauki hoton ƙunshin bayan an rubuta suna. Wannan aikin jajibiri ne, ba na safiyar tafiya ba.

Sai maganar saƙo. A otal ko a fili za a iya samun wanda zai yi muku sallama da Hausa ko da Turancin Legas, ya ce don Allah a kai wa ɗan'uwansa wannan 'yar leda. Ku ba shi haƙuri. Ko na wanda kuka sani ne, a buɗe a gabansa a ga abin da ke ciki, musamman magunguna. Jami'an NDLEA a Ikeja mai akwati suke tambaya, ba mai saƙo ba. Ku gaya wa manyan yaranku wannan da babbar murya, su ne kunya kan hana su cewa a'a.

A ɗaura wa kowane akwati ƙyallen atamfa iri ɗaya a marikinsa, a ƙirga su, a ɗauki hotonsu a jere. A ware kayan da kowa zai sa gobe, da canji guda na kowane yaro a jakar hannu. Ana buɗe tabbatar da kujera ta intanet awa 24 kafin tashi, ku yi shi da zarar an buɗe don kada a warwatsa ku a jirgi, uwa a gaba yaro a baya. A buɗe akwatin sirri na ɗaki a kwashe komai tun da dare. Fasfo duka, da katin rigakafin shawara mai launin rawaya, su koma jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya, kuma kowa ya san wane ne. A duba kwanakin biza ma, wanda ya zarce ko da kwana ɗaya za a yanka masa tara a wurin fita.

Abu na ƙarshe a daren shi ne mota. Tasin Istanbul mai launin rawaya mutum huɗu take ɗauka, but ɗinta kuma akwati biyu ko uku. Iyali mai mutum shida da akwati goma ƙaramar bas suke buƙata. Ku sa otal su tanadar muku, a yanke kuɗin tun yanzu, a fayyace da wane kuɗi za a biya, lira ko dala ko yuro, da ko kuɗin ƙofar hanya yana ciki. Akwai motocin Havaist masu zuwa fili, akwai kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M11 da aka buɗe a 2023, wanda ba ruwansa da gosulo. Ga mutum biyu da jaka ɗaya-ɗaya ya fi komai. Ga mai tura keken jariri da tulin akwatuna, sauyin layi da hawa da sauka za su cinye ribar.

Mataki na uku: safiya, da yawo guda ɗaya tak

A yi karin kumallo sosai, an riga an biya kuɗinsa. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki. Idan jirginku na dare ne, ku roƙi a ƙara muku awanni a ɗaki ɗaya ko da za a biya wani abu, saboda wanka da barcin yara. In ba haka ba ku sallami ɗakin da safe, ku bar kaya a ma'ajiyar otal su ba ku lamba. Maigida ya karanta takardar kuɗin layi-layi, ya tambayi kuɗin jinginar da aka riƙe ranar shigowa. Babban yaro kuma a ba shi aikin zagaye: ƙarƙashin gado, bayan ƙofar bayi, soket ɗin da caja ke maƙale, aljihun tebur.

Wurin da za a je ya cika sharaɗi uku: kusa da otal, babu dogon layi, kuma ana iya tashi a bar shi a kowane lokaci. Wannan ya fitar da tsibirin Buyukada, wanda zuwa kaɗai ya fi awa ɗaya a ruwa, ya fitar da dogon zagayen jirgin ruwa a mashigin tekun Bosforus mai cin yini, ya fitar da duk wani kanti da ke wancan ƙarshen gari.

Da ni za a tambaya, jirgin ruwan haya daga Eminonu zuwa Uskudar ya fi. Minti ashirin bai cika ba an tsallaka daga Turai zuwa Asiya, da katin Istanbulkart ɗin da kuke hawa jirgin cikin gari ake shiga, kun ga an ƙarar da ragowar kuɗin da ke kansa. A sayi simit, burodin nan mai riɗi, yara su riƙa jefa wa tsuntsayen teku, manya su sha shayi a ɗan kofin gilashi suna kallon hasumiyoyin masallatan Aya Sofiya da Sulaimaniyya daga ruwa. Kowa a zaune yake, Hajiya mai ciwon gwiwa ba ta wahala ba, kuma hoton iyali da aka yi ta ɗagewa a nan zai fi kyau.

Wanda bai riga ya je ba, ziyarar Abu Ayyub al-Ansari, Allah Ya ƙara masa yarda, ta cancanci safiyar. Shi ne sahabin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa da ya isa Madina, ya kuma rasu a bakin ganuwar wannan birni lokacin da rundunar Musulmi ta kewaye shi a zamanin Mu'awiya. Kabarinsa na unguwar Eyup, jirgin cikin gari na layin T5 daga Eminonu yana bi ta wurin. A ba yara labarin tun a hanya. Ranar Juma'a wurin cika yake yi maƙil, a yi sammako. Idan kuma kowa ya gaji, lambun Gulhane da ke gindin fadar Topkapi ya isa: inuwa, benci, da filin da yara za su yi guje-guje su gajiyar da kansu kafin zaman awa bakwai.

Ko ina aka je, a saka katin otal mai adireshi a aljihun kowane yaro, a rubuta lambar waya a bayansa. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce. Jakar fasfo kuma a rataye ta ta gaba a cikin cunkoson jirgin cikin gari na layin T1, domin ɓatan fasfo yana nufin rahoton 'yan sanda da neman takardar tafiya ta gaggawa, ofishin jakadancin Najeriya kuwa yana Ankara. Maigida ya saita ƙararrawar waya a lokacin juyawa. Idan ta kaɗa, ko uwargida ta ce "Alhaji, shago ɗaya ya rage," amsar ita ce a yi haƙuri sai wani jiƙon.

A ci abincin rana na sosai a gari kafin a hau mota, na fili tsada gare shi. A tsaya kan abin da cikin yara ya riga ya saba da shi a kwanakin nan, shinkafa, kaza, ƙofta, miyar adas. Yau ba ranar gwada abincin teku na bakin titi ba ce.

Game da sallah, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye cika sallarsa yake yi a garin, ƙasaru na dawowa ne bayan ya fita daga gine-ginen gari. A cikin filin jirgi akwai masallatai da wurin alwala, na maza da na mata, ku nemi alamar da aka rubuta Mescit. Ku dubi wace sallah za ta riske ku a sama ku shiga da alwala.

Ragowar lira a canza ta zuwa dala a shagunan canji na cikin gari, a bar ta mota da ruwan sha kawai. Darajarta sauka take yi, kuma ba kowane ɗan canji ne a Legas zai karɓe ta ba.

Mataki na huɗu: cikin fili

Tun a ƙofar shiga ake saka kaya duka a na'ura, wannan layi ne na farko. Idan kun yi sayayya a shagon da ya ba ku takardar dawo da haraji, teburin kwastan za ku fara zuwa da kayan da fasfo da rasit a buga hatimi kafin ku miƙa akwati, don suna iya cewa a nuna musu kayan. Harajin shi ne kashi 20 cikin ɗari a kan yawancin kaya tun Yulin 2023, kashi 10 a kan tufafi, kuma kamfanin da ke biya yana cire ladansa. Ga wanda ya kashe kuɗi masu kauri ya cancanci layin. Ga mayafi uku, a wuce kawai.

Daga nan sai awon kaya, wanda ake rufewa awa ɗaya kafin tashi, sai hatimin fita, sai bincike na biyu. Ƙananan takardun lambar akwati da za a manna muku a bayan katin shiga jirgi a adana su, za a nema a Ikeja. Ginin yana da girman gaske, wata ƙofar sai an yi tafiyar minti ashirin da yaro a hannu, kuma ana rufe ta kusan minti ashirin kafin tashi. Ku fara gano ƙofarku tukuna, sannan a yi maganar bayi da shaguna. Keken jariri ana barinku da shi har bakin jirgi. Lokacin tashi da sauka a ba jariri nono ko kwalba, manyan kuma alewa, haɗiyar ce ke buɗe kunne. Masu dawowa a Disamba su sa kayan sanyi da za a iya tuɓewa ɗaya bayan ɗaya, domin daga hunturu za a faɗo cikin gumin Legas.

Mataki na biyar: Ikeja zuwa gida

Lokacin sauka da ke tikiti agogon Legas ne, shi za a ba direba, a ce ya ƙara awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ku fito. A aika masa lambar jirgin tun daga Istanbul don ya duba ko an yi jinkiri. Idan kaya da yawa a turo mota biyu. A mayar da layin waya na gida kafin a sauka, a kuma ware 'yan nairori a aljihu na amalanken kaya da kuɗin fakin.

Za a bi ta jami'an lafiya, sai na shige da fice, sai wurin ɗaukar kaya, sai kwastan. Mutum ɗaya ya tsaya da yara gefe, ɗaya yana sauke akwatuna yana ƙirgawa. Idan wani bai fito ba, kada ku bar zauren sai kun kai rahoto teburin kamfanin jirgin an cika takarda an ba ku lamba, a nan hoton da kuka ɗauka zai yi amfani. Wanda ke ɗauke da kuɗin waje da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan. Abaya dozin biyar iri ɗaya kuma ba za su yarda tsaraba ce ba, kayan sayarwa ne, idan an yanka haraji a biya ta hanyar hukuma a karɓi rasit.

Idan Hajiya za ta zarce Kano ko Kaduna, kada a saya mata tikitin da ya matse da saukarku. Tashar jiragen cikin gida dabam take da ta ƙasa da ƙasa, sai an shiga mota, gara ta kwana ta huta ta bi na washegari.

Tun kuna otal ku kira wanda kuka bar wa gida: a kunna firji, a tura ruwa tanki, a zuba mai a janareto, a kunna maganin sauro a ɗakuna, a ɗora tuwo ko shinkafa da miya. Mutanen Agege minti kaɗan ne su isa idan hanya ta yi kyau, na Obalende da Ajah kuwa da sauran tafiya, a bar wa yara ruwa da biskit a mota. Akwatunan tsaraba a shigar da su ɗaki ɗaya a kulle. Washegari idan 'yan sannu da zuwa suka fara sallama, uwargida ta ɗauko takardar sunayen nan, duk wanda aka ba a soke sunansa, na Kano da Zariya kuma a ƙulle su dabam kafin yara su kai ga alewar.